Naɗar Muryar Walƙiya a Duwatsun Jos

Duk wanda ya tashi da rediyo a gida ya san ƙas-ƙas ɗin nan da ke katse labarai a matsakaicin zango da zarar hadari ya haɗo. Ba rediyon ne ya lalace ba. Kowace walƙiya, a ɗan ƙiftawar da take yi, tana watsa igiyar rediyo mai ƙarfi, kuma mafi yawan ƙarfin yana can ƙasa da inda rediyon gida ke kamawa, wajen haz 5,000 zuwa 10,000. Haz shi ne yawan kaɗawar igiya a daƙiƙa ɗaya. Kunnen mutum yana ji daga haz 20 zuwa kusan 20,000, ka ga ke nan igiyar walƙiya ta faɗo cikin abin da kunne ke iya ji. Shi ya sa babu batun murɗa tasha a wannan sha'ani. Eriya ta tsinto igiyar ta mai da ita lantarki, amfilifaya ta ƙara mata ƙarfi, sai a tura ta kunne ko cikin rikoda. Makirufo ba shi da aiki a nan, don abin ba ta iska yake zuwa ba kamar tsawa. Da wuya a ji tsawa daga nisan da ya wuce kilomita 20, amma igiyar walƙiyar da ta haife ta tana cin dubban kilomitoci.

Abin da ke kai ta nesa haka shi ne wani rufi da ke sama, wanda masana ke kira ayonosifiya, inda hasken rana ya mai da iska mai ɗaukar lantarki. Ƙasan rufin yana wajen kilomita 70 da rana, da dare kuma ya ɗaga zuwa 85 ko 90. Igiyar tana bugun rufin ta dawo ƙasa, ta bugi ƙasa ta koma sama, tana tafe kamar murya a dogon zaure. Ana yin walƙiya 40 zuwa 50 a kowace daƙiƙa a faɗin duniya, don haka eriyar ba ta taɓa yin shiru.

Kafin ka kashe ko sisi, ga maganar da na fi so ta shiga kunnenka. Yawancin sautukan da ake yaɗawa a intanet daga Kanada, arewacin Amurka da arewacin Turai aka naɗo su, kuma abin da ya fi jan hankali a cikinsu shi ne fito, wato wisila: sauti mai farawa sama ya zame ƙasa cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu. Bajamushe Heinrich Barkhausen ya ji shi a wayoyin tarhon fagen fama lokacin yaƙin duniya na farko, ya bayyana shi a 1919. Sai a 1953 Owen Storey na jami'ar Kambirij ya gano sirrinsa: wani ɓangare na igiyar walƙiya yana huda rufin ya fita, ya bi layin maganaɗisun duniya ya yi dubban kilomitoci a sarari, sannan ya sauko a ɗaya ɓarin duniyar. A wannan doguwar tafiya sashen mai yawan haz yana riga na ƙasa isowa, shi ne kunne ke jin sa kamar fito. To mu a nan, layin da ya raba maganaɗisun duniya gida biyu ya ratsa arewacin Najeriya ne, Jos da Abuja duk suna gab da shi. A wurinmu layukan maganaɗisun kwance suke, ba sa cira sama su yi nisan da zai haifar da fito. Haka ma sautin nan mai kama da hayaniyar tsuntsaye da asuba, na mutanen kusa da ƙuryar arewa da ta kudu ne. Wanda ya haɗa kaya don neman waɗannan a Jos zai gaji ya ajiye, yana zargin na'urarsa alhali lafiyarta ƙalau.

Abin da Allah ya ba mu daban ne, kuma ba ƙarami ba ne. Muna maƙwabtaka da kwarin Kongo, ɗaya daga wuraren da walƙiya ta fi yawa a duniya. Daga yamma kuma akwai Kudancin Amurka, kuma an san cewa wannan igiya ta fi tafiya salin alin idan gabas ta nufa, musamman kusa da tsakiyar maganaɗisu, ga shi kan teku take biyowa inda ba ta rasa ƙarfi sosai. Saboda haka sautuka biyu ne namu. Na farko sifarik, ƙas-ƙas mai kama da suyar ƙosai a mai mai zafi, ana jin sa dare da rana. Na biyu tuwik, wanda sai da dare: ɗan gajeren "tiu" mai zaƙi, kamar an ɗana tsirkiyar gurmi an danne ta nan take. A ganina tuwik ya isa ya riƙe mutum shekaru, don kamar yadda za ka gani nan gaba, da shi kaɗai za ka iya auna tsayin rufin sama kana zaune kan dutse.

Haɗa na'urar

Akwai na'urorin da aka yi don sayarwa, irin WR-3 ta Stephen McGreevy da VLF-3 ta shirin INSPIRE, amma kuɗin kawo su ya fi ƙarfin aikin da ke cikinsu. Mai gyaran rediyo da ya iya riƙe dalma zai haɗa irinta a yini guda, kuma rabin kayan a jikin matattun rediyoyi da amfilifayoyi za a ciro su.

Eriyar ita ce irin ta rediyo mai zuƙewa, mita 1 zuwa 1.5. Kada ka ƙara mata tsawo da tunanin za ta fi kamawa, gurnanin lantarki da gidajen rediyo za ta ƙara kwasowa. Daga gindinta ka saka rizista 220k zuwa ƙafar G ta tiransisto irin JFET, ko 2N5457 ko 2N3819 ko BF245. Daga ƙafar G ɗin zuwa ƙasa, wato layin da ke haɗe da kan batir mai alamar (-), ka saka abu biyu kafaɗa da kafaɗa: rizista 10M da kafasita 33pF. Ita 220k da 33pF su ke tare tashoshin FM da na matsakaicin zango. Ita kuma 10M, tare da ƙanƙantar eriyar, tana rage duk abin da ke ƙasa da haz 400, inda gurnanin ya fi ƙarfi. Ka lura da jerin ƙafafun: a 2N3819 ƙafar G ce ta tsakiya, a 2N5457 kuwa tana gefe. Wannan kuskure kaɗai ya sa na'urori da yawa sun ƙi tashi.

Ƙafar D ta tafi wutar batir mai bolt 9 ta cikin rizista 4.7k. Ƙafar S ta sauka ƙasa ta cikin rizista mai murɗawa ta 10k, da kafasita 1µF a gefenta. Dalilin mai murɗawar shi ne JFET biyu masu lamba ɗaya ba sa zama ɗaya, kowanne da halinsa. Ka ɗora mitar gwaji a ƙafar D, ka murɗa a hankali har ta nuna kusan bolt 6. In ta kafe a 9 ko ta zube ƙasa duk yadda ka murɗa, ko dai ka juya ƙafafu ko tiransiston jabu ne, kuma jabun JFET sun yi yawa a kasuwa. Ka sayi uku ko huɗu, daga shago fiye da ɗaya.

Daga D sai kafasita 10nF zuwa ƙafa ta 3 ta TL071, wata 'yar amfilifaya mai ƙafa takwas. Ita ƙafa ta 3 ka ba ta rizista 100k zuwa bolt 9 da wata 100k zuwa ƙasa, don ta zauna a tsakiyar wutar batir. Ƙafa ta 7 wuta, ta 4 ƙasa, ta 6 mafita. Tsakanin 6 da 2 ka sa 100k da kafasita 100pF a gefenta. Daga 2 zuwa ƙasa ka jera 4.7k da 100nF, ɗaya bayan ɗaya. Wannan mataki yana ninka siginar sau 22, JFET ya riga ya ninka ta sau biyar ko shida, jimilla sama da ɗari. Haɗin 10nF da na 100nF kowanne yana sake datse abin da ke ƙasa da haz 300 da ɗoriya, 100pF kuma tana datse sama da kilohaz 16, wato haz 16,000. Mafitar ta bi ta kafasita 1µF zuwa makunnin ƙara na 10k, daga nan waya mai sulke ta mita 2 zuwa 3 ta kai rikoda. In TL072 ka samu, tana aiki, amma lambobin ƙafafunta daban ne, sai ka duba takardarta. Ka sa 100µF tsakanin wuta da ƙasa kusa da JFET. Duka na'urar wajen miliyamp 3 take ci, batir ɗaya zai kai ka darare da dama.

Abubuwa uku ƙanana su ke raba na'ura mai kyau da mai ba da haushi. Akwatin ya zama na ƙarfe, ko gwangwanin biskit ne, kuma ƙasan na'urar ya haɗu da jikinsa. Mahaɗar ƙafar G, inda 220k da 10M da 33pF suka gamu, ka liƙa ta a iska, kada ta taɓa allon, ka goge ragowar man dalma da sifirit. Ɗan datti da raɓa sun isa su buɗe wa siginar hanyar zurarewa, sai ka ji shuu babu dalili. Na uku, ka sa ƙaramin ƙwan niyon, irin na cikin sukundireban gwada wuta, daga gindin eriya zuwa akwati. A hunturu iska ta bushe, ƙurar da take ɗauke da ita tana tara lantarki a jikin eriya da jikinka, taɓawa ɗaya sai JFET ya mutu. Ƙwan yana zubar da wannan cajin. Amma ka sani ba ya tare aradu, babu abin da ke tare ta a na'urar hannu.

Ba a fafe gora ranar tafiya, ka gwada ta a gida. Cikin ɗaki za ka ji gurnani mai cika kunne, wannan alamar tana raye ce. Ka goga biro a gashi ka wuce da shi kusa da eriya, za ka ji dum. Wani ya ƙyasta laitar gas daga mita uku ko huɗu, za ka ji ƙas, wadda ita ce ƙaramar walƙiyarka ta gwaji.

Batun rikoda kuwa, irin Zoom H1n ko Tascam DR-05X sun wadatar. Ka zaɓi WAV, kada ka kusanci MP3, domin yana yar da ainihin ƙananan bayanan da kake nema. Ka kashe mai daidaita ƙara da kansa, in ba haka ba duk sifarik mai ƙarfi zai sa rikodar ta sunkuyar da ƙara ta haɗiye tuwik ɗin da ke biye. Ka saita yadda mafi ƙarfin bugu zai tsaya wajen -12 a ma'aunin rikodar. Naɗi a 48 kHz (kilohaz ke nan) da bit 16, hanya biyu, yana cin kusan megabait 690 a awa. A 96 kHz da bit 24 ya haura gigabait 2. Wayar hannu ita ce zaɓi na ƙarshe. An gina ta don muryar mutum, tana ɗaukar ƙas-ƙas a matsayin datti ta share shi, kuma gilashinta da siginarta suna zuba ƙara cikin eriya. In dole ce, ka sa ta yanayin jirgi, ka shigar da sautin ta ƙaramin katin sauti na USB, ka ajiye ta iyakar tsawon wayar.

Neman wuri, wanda shi ne ainihin aikin

Wutar Najeriya tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma ba a nan ta tsaya ba. Tana haifar da 'ya'ya a 150, 250, 350, har sama da haz 3,000, daidai inda tuwik yake zaune. Babu dabarar haɗi da ta kai nisanta kai daga falwaya. Layin unguwa yana son ka ba shi aƙalla kilomita 1, gara 2. Manyan layukan kilobolt 330, irin na Kaduna zuwa Jos da na Jos zuwa Gombe, ko na Shiroro zuwa Katampe ga mutanen Abuja, suna son kilomita 5 zuwa 10. Hanyar bincike mai sauƙi ce: ka tsaya da rana, ka sauka daga mota, a kashe injin, ka yi taku hamsin, ka ɗaga eriya ka saurara. In ƙas-ƙas ya fito sarai a kan gurnanin, wurin ya yi. In sai ka kasa kunne kafin ka tsinto shi, ka ƙara gaba.

Jos ta fi Abuja sauƙi a nan. Garin yana kan tsayin kusan mita 1,200, ga fili ga duwatsu, kuma bayan tsaunukan Shere ko ɓangaren Riyom ana samun kwaruruka da babu waya kusa. Sai dai ƙololuwar tsauni ba kullum ta fi ba, don a nan ake kafa hasumiyoyin sadarwa, kowace da janaretanta da na'urorin cajinta. Ka kuma guji gindin itace. Itace mai ɗanyen ganye yana shanye siginar kamar laima, ka ba shi tazarar ninki biyu na tsayinsa.

Mutum zai ɗauka ƙauyen da babu wutar gwamnati shi ne aljannar wannan aiki. Da haka ne, yanzu kuwa sola ta shiga ko'ina. Inbata, na'urar cajin sola, fitilun titi masu sola, famfon burtsatse, duk suna fitar da tsiwa mai kaifi wadda ta fi gurnanin falwaya wuyar cirewa. Haka kayan da ke jikinka: fawabank, tocilan mai matakan haske, agogon hannu mai gilashi. Ka kashe su ko ka nisanta su. A cikin gari akwai taga guda, lokacin da babban layin ƙasa ya faɗi gaba ɗaya. 'Yan mintocin farko kafin janaretoci su tashi, wani lokaci ana jin sama daga filin ƙwallon unguwa. Mai na'ura a shirye da batir a ciki ne ke cin wannan.

Na'urar tana son ƙasa. Riƙe akwatin da hannu tsirara yana yi, jikinka ne ke zama ƙasar. Don naɗi mai tsawo ka kafa ta kan sandar katako ko gora, ka buga rodi na santimita 40 zuwa 50, ka haɗa shi da akwatin. A rani ƙasar Filato ta bushe ƙamas, sai ka tsiyaya ruwan gora ɗaya a gindin rodin. In kan falalen dutse kake, ka shimfiɗa waya biyu ko uku masu mita 3 daga akwatin, su zama madadin.

Akwai maganar da ta fi duk waɗannan nauyi. Mutum tsaye a fili, kan tudu, riƙe da sandar ƙarfe, ya haɗa duk sharuɗɗan da aradu ke nema. Tsawa tana cin kilomita 1 cikin daƙiƙa 3, don haka in tsakanin walƙiya da ƙararta bai kai daƙiƙa 30 ba, hadarin yana cikin kilomita 10. Ni ba na ma ba da shawarar ƙirga: ka ji tsawa ko ka ga hadari na tasowa, ka zuƙe eriya ka shiga mota ko gini, ka jira minti 30 bayan tsawar ƙarshe. Farkon damina, Afrilu da Mayu, da ƙarshenta wajen Satumba da Oktoba, su ne lokutan da hadarin Jos ke zuwa da fushi. Ba ka ma rasa komai ba, domin walƙiyar kusa ƙara ce kawai mai toshe na'ura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne kakar wannan aiki: samanmu wasai, hadari ya koma Kongo da kudancin Afirka, nisan da ke ba da tuwik mai tsabta. Ka dai shirya wa sanyin Jos, kuma rigar sanyin ta zama ta auduga ko ulu. Mai santsin leda tana ƙas-ƙas a eriya duk motsin da ka yi.

Sannan kada ka je wurin da ba a san ka ba da dare kana ɗaga eriya da wayoyi. A halin tsaron da ake ciki, duk wanda ya hango ka yana da hujjar tsorata. Ka je da rana ka gaida mai unguwa, ka ce ranka ya daɗe ga abin da ya kawo ni, ka sa masa abin a kunne ya ji da kansa, ka nemi ɗan gari ya raka ka. Gonar ɗan'uwa ko aboki ta fi ko'ina. Ka san inda tsofaffin ramukan kuza suke tun da haske, ka sa takalmi mai rufi saboda maciji. Ba sai ka kwana ba: tuwik yana fara fitowa kamar awa ɗaya bayan magariba, wanda ya naɗa daga bayan isha'i zuwa tara ya samu abin aiki.

A farkon kowane naɗi ka rubuta kwanan wata, lokaci har da daƙiƙa, wuri, yanayin sama, da inda makunnin ƙara yake. Lokacin Najeriya yana gaban agogon GMT da awa ɗaya, ka rubuta wanda ka yi amfani da shi. Daga nan ka koma nesa da eriyar ka zauna shiru. Takunka kan busasshiyar ciyawa yana shiga, fiffiken sauro ko ƙudan zuma da ya gifta kusa da eriya yana shiga, filogin babur daga nesa yana shiga kamar tak-tak mai bin gudun injin. In ka ji na'urar ta ɓarke da kuka irin na lasifika da aka kusanto wa makirufo, abin kunnenka ne ke mayar da sauti cikin eriya, sai ka rage ƙara ka janye wayarsa. In muryar mai gabatar da shiri ce ta ratso, ka mai da 220k zuwa 470k. In sauti ya fara karyewa, ka auna batir, ƙasa da bolt 7.5 ka canza.

Gani ya kori ji

A kwamfuta ka buɗe fayil ɗin da Audacity, wadda kyauta ce, ka juya shi zuwa hoton sauti, inda lokaci ke tafiya a kwance, haz kuma a tsaye. Ka sa iyakar sama haz 8,000, girman taga 1024, ka faɗaɗa har daƙiƙa ɗaya ta cika gilashin. Taga mai girma irin 8192 tana dama tuwik ya zama gajimare, ƙarama sosai kuma tana ɓatar da awon haz. Gurnani zai fito a layuka kwance. Sifarik layi ne tsaye tsaf. Tuwik kuwa kamar harafin L yake, layi tsaye wanda ƙasansa ya lanƙwashe dama ya ja wutsiya a wajen haz 1,700.

Wutsiyar nan ita ce ribar aikin. Zauren da ke tsakanin ƙasa da rufi yana da iyakar igiyar da zai bari ta wuce, kuma sashen da ke dab da iyakar yana yawan bugun sama da ƙasa kafin ya ci gaba, sai ya iso a makare. Inda wutsiyar ta kwanta ya danganta da tsayin rufin, lissafin kuma na ɗan firamare ne: ka raba 150,000 da haz ɗin wutsiyar, abin da ya fito shi ne tsayin a kilomita. Wutsiya a 1,700 tana nufin kilomita 88, a 1,800 kuma 83. Lambar 150,000 rabin kilomitocin da haske ke ci ne a daƙiƙa. A dare mai kyau za ka ga wutsiya ta biyu wajen 3,400, wani lokaci ta uku wajen 5,100, jere kamar matakala. Tsawon wutsiyar kuma yana faɗa maka nisa: gajeriya daga kusa, mai jan jiki daga walƙiyar da ta yi dubban kilomitoci. Da rana ba a samun ta saboda rufin ya sauko inda iska ta fi kauri, yana shanye igiyar maimakon ya mayar da ita. Don ka ji wutsiyar da kunne sosai, ka rage gudun sautin zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, sai "tiu" ɗin ya buɗe ya zama zamewa mai daɗin ji.

Wajen tsaftace naɗi ka yi hattara, kuma kullum a kan kwafi, asalin ka adana shi. Ka fara da yanke duk abin da ke ƙasa da haz 300 ko ma 1,000 in tuwik kawai kake bi. Cire layukan gurnani ɗaya bayan ɗaya yana yi, amma wutarmu ba ta zama daram a 50. In ta goce da rabin haz, ɗanta na 21 ya goce da fiye da haz 10, ya fice daga ramin da ka haƙa masa. Na janareta ya fi haka yawo. Shi kuwa mai rage hayaniya na Audacity, in ka matsa masa, yana ƙirƙiro wani ƙulu-ƙulu kamar ruwa wanda sabon shiga zai rantse sautin sama ne. Haka in ka ga wani abu mai zamewa ƙasa kamar fito, ka fara zargin inji da ake kashewa ko inbata, musamman in yana da 'yan'uwa jere a samansa ko yana maimaita kansa iri ɗaya. In ya tsallake wannan tuhuma, ka adana asalin fayil ɗin da lokacinsa daidai, don fito na gaskiya a wannan yanki abu ne da masu binciken sararin sama za su so gani.

Wanda gurnani ya hana shi sakat yana iya gwada eriyar zobe: firam na katako mita 1 kowane gefe, zagaye 50 na wayar naɗin kwayil, kusan mita 200 ke nan. Tana kama abin da ke daidai gefenta, ta kurmance ga abin da ke fuskarta, don haka kana iya juya ta har gurnanin ya faɗi, kuma itatuwa ba sa damun ta. Amma ba ta shiga na'urar da na bayyana, tana son amfilifaya irin ta makirufo, kuma sai an ɗaure ta tamau, don iska na girgiza ta cikin maganaɗisun duniya za ta haifar da nata rugugin.

In ka naɗa a 96 kHz, ka kuma mai da 100pF ɗin nan zuwa 33pF, sai ka duba sama da kilohaz 16. Layuka masu kauri da za ka iya gani a can ba na halitta ba ne, tashoshin sojan ruwa ne masu magana da jiragen ƙarƙashin teku: kilohaz 20.27 daga tsibirin Tabolara na Italiya, 23.4 daga Jamus, 24.0 daga jihar Maine ta Amurka. Suna da amfani, don ƙarfinsu ba ya canzawa daga tushe, duk hawa da saukar da ka gani daga rufin sama ne.

Naɗin da na fi ba da shawara ga wanda ya samu amintaccen wurin kwana shi ne na asuba. Ka kunna rikoda awa ɗaya kafin kiran assalatu, ka bar ta har rana ta ɗaga. A kwamfuta ka ɗauki tuwik goma daga kowane minti goma sha biyar, ka auna wutsiyarsu, ka rubuta matsakaicin. Waɗanda ke zuwa daga gabas su ke fara ɓacewa, don can gari ya riga wayewa, na yamma su ɗan jima. Wutsiyoyin za su gajarce, su yi ƙaranci, har ya rage sifarik zalla. Ka rubuta mintin da ka ga tuwik na ƙarshe, ka sa lokacin fitowar rana na ranar a gefensa, ka maimaita a wata mai zuwa daga wuri ɗaya da saiti ɗaya.